Vampire ko Shadowrun, wanne za mu fara da shi?

Ɗan_Fagge: Salam 'yan uwa, mu biyar ne muna son wasan tebur, irin wanda kowa ke taka rawar wani a cikin labari ana jefa dayis, wanda tsafi ke cikin birni na zamani, amma ba ma son lissafi da yawa. Wanne ya fi?

Gwanin_Dayis: Malam ɗauki Vampire: The Masquerade kawai. Kamfanin White Wolf ya fitar da shi a 1991, 'yan wasa ne ke zama vampire wato masu shan jini, dayis mai fuska goma ake jefawa, mai jan wasan ma Storyteller ake ce masa don labari ne a gaba, kuma babbar dokar masu shan jinin ita ce kar mutane su san suna nan, to ka ga rigima ta samu tun kafin a fara faɗa.

Hajiya_Z: Shadowrun na 1989 ya fi duniya mai daɗi wallahi, labarin a birnin Seattle ne a shekarar 2050, dodanni da manyan kamfanoni da masu kutsen kwamfuta, sai dai dokokinsa akwai ciwon kai, dayis mai fuska shida za ka cika hannu da su.

Gwanin_Dayis: Gaskiya ne Hajiya. Kuma kar ku zana birni gaba ɗaya, unguwa ɗaya da sarkinta da maƙiyansa ta isa zaman farko.

Ɗan_Fagge: Madalla, Vampire ɗin za mu gwada.