Muhawara: Littafin koyon rubutu zai iya koya wa mutum rubuta labarin kimiyya?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau zan faɗi abin da ke raina ko da wasu za su ji ba daɗi. Littattafan nan na koyon rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, irin na kumbo da mutum-mutumi da rayuwar shekara ɗari gaba, ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci. Guda biyu na karanta cikin wata huɗu, ina ja layi da jan biro, ina kwafe dokoki a bayan littafin da nake rubuta lissafin aikin sola, kuma wallahi a wata huɗun nan ko shafi ɗaya ban rubuta ba, alhali kafin nan duk dare sai na yi shafi biyu a waya kafin barci ya ɗauke ni. Yanzu da na fara jimla sai na ji kamar marubucin littafin na tsaye a kaina yana cewa ba haka ake yi ba. Mary Shelley ta fitar da Frankenstein a 1818 tana da shekara 20, a lokacin ko suna wannan fanni ba shi da shi, balle littafin koyonsa. Mu ma nan gida Umaru Dembo ya ba mu Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Mai baiwa ya rubuta kawai.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam ƙanina. Waɗanne ka karanta tukuna?

Nura: Na Orson Scott Card, How to Write Science Fiction and Fantasy, da On Writing na Stephen King, Anti.

Anti Rabi: To ai na Card ɗin nan shi ne ya cece ni, shi ya sa ba zan yi shiru ba. Ƙaramin littafi ne, a 1990 ya fito, ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba fitattun rubuce-rubucen wannan fanni, a shekarar da ta biyo baya. Akwai wurin da ya raba labari gida huɗu, ya ce kowane labari akwai abu ɗaya da ya fi rinjaye a cikinsa: ko wuri, ko tambaya, ko halin mutum, ko wani lamari da ya birkita duniya. In labarin wuri ne, yana farawa ranar da mutum ya shiga baƙon wuri ya ƙare ranar da ya fito ko ya yanke shawarar zama. In na tambaya ne, da an samu amsa labari ya ƙare, kar ka ƙara komai.

Ni ina da wani labari na wata yarinya da ta faɗa wani gari da aka gina a ƙarƙashin ƙasa bayan zafi ya hana mutane zama a sama, na yi shafi arba'in da wani abu na kasa rufe shi, kullum sai na ƙaro sabon mugu, na ƙaro soyayya, na ƙaro annoba, har na fara tsanar labarin. Shekara guda yana ajiye. Ranar da na karanta wannan babin ina zaune a kicin ina jiran shinkafa ta tsotse, na gane ashe labarin wuri nake rubutawa, kuma yarinyar ta riga ta fito daga garin tun shafi na 26, duk abin da ya biyo baya jan rai ne kawai. Na yanke shafi goma sha huɗu a daren. Ka ce min wannan ɓata kuɗi ne?

Nura: Amma Anti ai kin riga kin rubuta shafi arba'in ɗin kafin ki karanta. Littafin bai rubuta miki komai ba.

Anti Rabi: Ai abin da nake so ka ji kenan. Kai ka ajiye alƙalami ka koma karatu, ni kuma da ciwona a hannu na je wurin mai magani.

Malam Habibu: Ku yi haƙuri in sa baki. Shekara goma sha bakwai ina koyar da fizis a sakandare kuma yara kan kawo min labaransu in duba. Nura, misalinka na Mary Shelley bai tsaya ba. Mahaifinta William Godwin marubuci ne, mahaifiyarta Mary Wollstonecraft marubuciya ce, mijinta mawaƙi ne kuma ya bi rubutun nata yana gyara, asalin labarin ma a zama da su mawaƙin Ingila Byron ya taso a bakin tafkin Janiba a 1816. Wadda ta tashi a irin wannan gida ai makarantar tana cikin ɗakinsu. Yaron da ke Gumel ko Tessawa wanda bai taɓa zama da marubuci ba, littafin koyo shi ne kaɗai dattijon da zai samu ya tambaya.

Amma Hajiya Rabi ke ma ban bi ki gaba ɗaya ba. Matsalar da na fi gani a rubutun yaranmu ba ta tsarin labari ba ce, kimiyyar ce babu. Wani ɗalibina ya kawo min labari mai daɗi ƙwarai, jarumin yana duniyar Mas ya kira mahaifiyarsa a waya suna ta gaisawa, ya gida ya aiki, tana amsawa nan take. Na zaunar da shi na ce saƙo daga Mas zuwa nan, ko da gudun haske yake tafiya, yana cin minti 3 in duniyoyin sun kusanci juna, ya kai wajen minti 22 in sun yi nisa, zuwa kaɗai ban da dawowa. Yaron ya yi shiru, can ya ce to Malam ashe in ya ce Mama ina kwana sai ya jira kusan minti arba'in kafin ya ji lafiya lau. Na ce to ga labarinka nan, wannan jiran. Babu littafin koyon rubutu da zai ba shi wannan, littafin fizis na aji biyar ne zai ba shi.

Hauwa: Malam ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi amma ni tawa matsalar harshe ce. Duk littattafan nan da Turanci aka rubuta su domin masu rubutu da Turanci. Stephen King ya dage a kan a rage kalmomin bayanau, Ursula Le Guin ma a Steering the Craft tana da wani atisaye da za ka siffanta abu ba sifa ba bayanau ko ɗaya. Na gwada shi da Hausa, na bi labarina na cire duk wani fari fat, baƙi ƙirin, tsit, wuf, zumbur, da na karanta wa ƙanwata sai ta ce Yaya wannan kamar labaran ƙarfe takwas na rediyo. Amsa-kama ai ita ce gishirin zancenmu, in ka ce kumbon ya tashi fiuu ya ɓace ɓat, yaro ya gani da idonsa. Dokar da aka yi don gyara Turanci in ka ɗora ta a kan Hausa ba tunani sai ta kashe maka miya.

Sannan wane littafi ne zai gaya min me zan kira ɗan ɗakin nan mai ƙofa biyu da 'yan sama jannati ke tsayawa a ciki a zuƙe iska kafin su fita waje? Kwana uku ina tunani kafin na ce zauren iska, saboda zaure ne dai, tsakanin gida da waje.

Anti Rabi: Zauren iska ya yi wallahi, Hauwa ki riƙe shi. Amma ki yi wa Le Guin adalci, atisaye ta ce, ba doka ba. Ana yinsa ne sau ɗaya don ka ga ko aikatau ɗinka na da ƙarfin tsayuwa da kansa, ba wai ka zauna a haka ba. Ke da kanki yanzu kin san wace amsa-kama ce ke aiki wacce ce ado, da ba ki cire su ba ba za ki sani ba.

Hauwa: Haka ne Anti, na mayar da kusan rabi, sauran ban yi kewarsu ba. Amma da na ɗauke shi doka fa? Yara nawa ne za su ɗauka doka ce tunda Baturiya ce ta faɗa a littafi?

Auwal: Ni ina bayan Nura har yanzu, kuma dalilina daban ne. Littattafan nan ba tsari kaɗai suke koyarwa ba, suna shigo maka da abin da marubucin ya ɗauka shi ne rayuwa, ba tare da ya faɗa ba. Jarumi shi kaɗai, ba uwa ba uba ba dangi, ba ya salla ba ya azumi, matsalarsa shi da injinsa. Na karanta labaran matasanmu da yawa da sunan jarumin kawai aka canza zuwa Musa. Alhali tambayoyin da ke gabanmu sun fi nasu daɗi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya cikin kamar minti 90, wato rana na fito musu ta faɗi sau 16 a kwana ɗaya, to yaushe ne azahar, ina alƙibla? Wannan ba ƙage ba ne, a 2007 da Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Maleshiya zai tafi can, kuma tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka fitar da jagora a kan yadda zai yi ibada. Ka duba littafin koyon rubutu duk wanda ka ga dama ba za ka samu shafi ɗaya da zai tura ka wannan wajen ba. Nnedi Okorafor da ta rubuta Binti ta ci kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016, ƙarfin labarin ai daga al'adar Himba ta Namibiya ya fito, yarinya za ta jami'a a wata duniya da jar ƙasar garinsu a jikinta.

Malam Habibu: Auwal maganarka gaskiya ce amma ba ta rushe littafin koyo ba. Wanda ya san zancen alƙiblar nan, in bai iya ba da labari ba, zai buɗe da shafi shida na bayanin falaki kafin mu ga mutum ko ɗaya. Ko ya sa mutum biyu da suka shekara goma a kumbo ɗaya, ɗaya na ce wa ɗaya kamar yadda ka sani abokina injinmu da hasken rana yake aiki. Marubutan Amurka sun daɗe da ba wa wannan cuta suna, tana cikin wani ɗan jerin kurakurai da ake kira Turkey City Lexicon wanda Lewis Shiner da Bruce Sterling suka tattara, kyauta yake a intanet. In ka san sunan cuta ka fi saurin ganinta a jikinka.

Nura: Malam wannan kam ta same ni, labarina na farko da bayanin batir da inbata ya fara, shafi huɗu, saboda aikina ne ina jin daɗin faɗa. Amma har yanzu ba a amsa min ba, me ya sa karatun ya tsayar da ni cak?

Anti Rabi: Saboda ka haɗa aiki biyu a lokaci ɗaya ƙanina, kana gini kana rusawa. Kuma King ɗin da ka karanta ai babban abin da ya nanata shi ne ka yi karatu da yawa ka yi rubutu da yawa, kai kuma sai ka ɗauki na farko ka bar na biyu. Robert Heinlein tun 1947 ya jera dokoki biyar, ta farko ka rubuta, ta biyu ka gama abin da ka fara. Octavia Butler tana tashi ƙarfe biyu ko uku na dare ta yi rubutu kafin ta tafi aikin leburanci a masana'anta, kuma duk da haka a 1970 ta je bitar Clarion ta mako shida inda ake zama a karanta labarinka a gabanka a fede shi. Shawarar da ta bar wa masu tasowa ita ce kar su jira ilhama, sabo da zama kullum ya fi ta amana.

Auwal: To kin gani Anti, bita ta je, mutane suka karanta nata. Ba littafi ba. Ko Abubakar Imam ai zama da Rupert East a Zariya da karance-karancen tatsuniyoyin wasu ƙasashe ne suka haifar da Magana Jari Ce. Kuma dokar Heinlein ta uku cewa ta yi kar ka sake rubutu sai edita ya nema, ke kuma kin yanke shafi goma sha huɗu ba wanda ya sa ki. Su kansu masu dokokin ba su jitu ba.

Anti Rabi: Ba su jitu ba, kuma ta ukun nan ban yarda da ita ba ko kaɗan, mutumin yana rubutu ne don mujallu masu biya a kan kowace kalma, lokaci kuɗi ne a wurinsa. Amma Auwal ina Clarion ɗin take a nan? Wa zai ba Nura mako shida da kuɗin jirgi? Abin da muke da shi shi ne littafin da mu kanmu.

Hauwa: To mu yi namu mana. Yaya Nura ka kawo labarin batir ɗin nan yadda yake, kar ka gyara komai. Malam ya duba kimiyyar, Anti ta duba inda ya kamata ya fara da inda zai tsaya, ni zan bi Hausar, Yaya Auwal ya gaya mana ko jarumin ɗan gida ne ko aro ne.

Nura: Na yarda, amma ban janye ba fa, ni dai littattafan nan biyu na sa su a kwali sai na gama labarin. Ranar Juma'a bayan la'asar zan turo in sha Allah. Shafi tara ne, a Mas yake faruwa, wani mai gyaran sola ne ƙura ta rufe masa faranti.

Malam Habibu: Allah ya kai mu. Kafin Juma'ar ka duba abu biyu: kwanan Mas awa 24 ne da minti 39, kuma hasken rana da ke isa can bai kai rabin wanda muke samu a nan ba, don haka ka sake lissafin farantan naka.