Mako biyu a dala 150, ko in jira mujallar ETR&D?

Ɗalibar digiri na uku: Salamu alaikum. Na gama maƙala kan gwajin da ɗalibaina suka riƙa yi a Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, tsawon zango ɗaya. Saura wata biyar in kare kundina, kuma dole sai da wasiƙar karɓa daga mujalla. Wata mujalla ta turo mini imel, wai za ta buga cikin mako biyu a dala 150, wai tana cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun ilimi da aka tantance. Sufabaizana kuma ya ce in tura ETR&D, mujallar fasahar ilimi ta kamfanin ɗab'i na Springer. Damuwata lokaci ne, ba kuɗi ba.

Malamin kwamfuta: Idan kuɗi ne matsalar, tura mujallar AJET ta Ostareliya. Ƙungiyar masana fasahar ilimi ta ASCILITE ke fitar da ita, ba a biyan ko sisi.

Tsohon lakcara: Ƙanwata, ni na taka wannan ƙayar. Dala 400 na biya wata mujalla, kwana tara aka buga. Abin da mai bita, wato masanin da mujalla ke ba maƙala ya duba, ya rubuto layi ɗaya ne: in ƙara manazarta. Da ta fito, jadawali na uku ya yanke a rabi, sunana ma an ci harafi ɗaya. Lokacin ƙarin girma kwamiti ya duba, ashe an cire ta daga Scopus tun kafin in tura. Na ce su janye maƙalar in kai wani wuri, suka ce sai na ƙara dala 200. Aikin shekara biyu ya tafi a banza, ba mai sake karɓar abin da aka riga aka buga.

Mai ɗakin karatu: Allah Ya mayar da alheri, Dakta. Amma jerin mujallun Scopus a buɗe yake, kyauta, har da na waɗanda aka cire. Ke kuma ɗaliba, ki duba da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, don akwai masu satar sunan mujalla su buɗe shafin bogi.

Malamin kwamfuta: Manyan mujallun ai sun fi tsada. Abokina ya biya sama da dala 3,000.

Mai ɗakin karatu: Shi ya zaɓi a buɗe wa kowa maƙalarsa. ETR&D da mujallar BJET ta Birtaniya duk suna da hanyar da ba ka biyan komai.

Tsohon lakcara: Da na duba jerin Beall na mujallun damfara da ban faɗa tarkon ba.

Sabon dakta: Ranka ya daɗe, Beall ya rufe jerinsa tun 2017. Wanda rabonsa da tura maƙala ya kai shekara goma ya bar masu yi yanzu su yi magana.

Tsohon lakcara: Yaro, maƙala nawa gare ka?

Mai barkwanci: Ku bar faɗa. Duk inda ta tura, mai bita na biyu na can zaune yana jiran ta, zai ce ta ambaci maƙalunsa shida.

Sabon dakta: Gara shi, ai ya karanta. Ni sunaye huɗu aka jera a matsayin marubutan tawa, biyu ko take ba su gani ba. Aka ce in ban sa ba, babu sa hannu a kundina.

Ɗalibar digiri na uku: To ETR&D ɗin wata nawa take ɗauka?

Malamin kwamfuta: Sabon dakta, sunaye huɗu kawai? Mu bakwai ne, ni da na yi aikin na zo na biyar.