Masu jan D&D, ya kuke raba XP a teburinku?

Baffan_Dais:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu jan wasa ina neman shawara. D&D (Dungeons and Dragons, wasan labari da ake yi a tebur da dais) muke bugawa bugu na biyar wanda ya fito 2014, ni nake jan labarin su biyar suna bugawa, kuma tun farko XP nake rabawa, wato makin da ake tarawa a hau lebul (matakin ƙarfi), a kashe goblin (wani ƙaramin dodo) maki 50, a tara a raba daidai tsakanin waɗanda suka zo ranar. To matsala biyu ce ta taso. Akwai ɗaya a cikinmu aikin shif yake, wani satin yana nan wani satin ba ya nan, sauran duk sun haura maki 6,500 sun shiga lebul 5, mayaƙin yana sara sau biyu a juyi ɗaya, mai sihirin ta samu Fireball (sihirin ƙwallon wuta), shi kuma bawan Allah har yau yana lebul 4, in ya zo sai ka ga ya yi shiru yana ta juya dais a hannu, ko faɗa aka shiga yana can baya. Ta biyun ma ta fi damuna, yanzu kome suka gani sai sun kashe. Na shirya musu wani mai gadin gada wanda da sun yi masa magana zai gaya musu inda aka kai fursunonin da suke nema, ko sallama ba su yi ba suka zare takobi wai ai akwai XP a jikinsa. In watsar da lissafin ne gaba ɗaya ko akwai gyara?

Ummin_Labari:
Wa alaikumussalam Malam Baffa. Ni dai na daina lissafin maki tuntuni, in suka gama wani babban ɓangare na labari sai in ce kowa ya hau lebul, shi ke nan. Kuma fa ba ƙirƙirata ba ce, littafin DM (mai jan wasa) na bugu na biyar ɗin ma ya kawo ta, har da ta ƙirga zama: lebul 2 bayan zaman farko, lebul 3 bayan na biyu, lebul 4 bayan ƙarin zama biyu, daga nan zama biyu ko uku ga kowane mataki. Shi kuma mai shif don Allah ka ɗago shi ya kamo 'yan'uwansa yau ɗin nan, mutum ya tafi neman abinci ya rasa wasan, hukuncin ai ya isa.

TsohonHannu:
Ɗan'uwa kar ka yi saurin zubar da XP, ni ban yarda matsalar daga lissafin take ba. Abin da ka sa wa lada shi za su bi, ka sa lada a kan kisa kaɗai to kisa za ka gani. Ka duba asali, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974 a Amurka, mafi yawan XP daga dukiya yake zuwa, kowane tsabar zinare da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, shi ya sa 'yan wasan wancan tsarin suke laɓewa, su ba dodo cin hanci, su haɗa wannan ƙungiya da waccan faɗa su kuma su sulale da akwatin, don faɗa asara ce, mutum yana lebul 1 sara ɗaya zai iya aika shi. Ban ce ka koma wancan ba, amma ka faɗa musu ƙarara kafin a fara zama na gaba cewa duk wanda suka tsallake, ko da baki ko da dabara ko suka kama shi da rai, makinsa cikakke za su samu kamar sun kashe shi. Sannan ka rubuta abubuwan da kake so su riƙa yi a takarda ka aje tsakiyar tebur kowa ya gani: an gano sirri maki kaza, an kuɓutar da fursuna maki kaza. Abin da ya sa nake riƙe da maki shi ne yana hannun 'yan wasa, su suke zaɓen inda za su nema. A tsarin Anti Ummi kuwa, ba raini ba, sai lokacin da mai jan wasa ya ga dama, wasu sai su zauna jiran inda kake so su bi.

Ummin_Labari:
Wannan gaskiya ne Yaya, in DM bai faɗi burin a fili ba haka take zama. Ni su nake tambaya me kuke so ku cimma, mu rubuta, in sun cimma su hau. Amma batun mai shif ina nan a kan bakata.

Zaki_d20:
Ni ma a kan mai shif ina bayan Anti, a ba kowa maki ɗaya ko ya zo ko bai zo ba. Ƙari kawai zan yi, ka leƙa wasu wasannin ka ari abin da ya yi maka. Pathfinder bugu na biyu na 2019 kowane lebul maki 1,000 ne cif, ka cika ka hau a cire dubun a ci gaba, lissafin ba ya cin kai. Call of Cthulhu ma babu lebul kwata-kwata, in ka yi amfani da wata fasaha ka yi nasara sai ka sa mata alama, ƙarshen labari ka jefa d100 (dais mai ba da 1 zuwa 100), in ya fi lambarka a fasahar ka jefa 1d10 (dais ɗaya mai fuska goma) ka ƙara mata abin da ya fito, wato wanda ya yi ta lallashin mutane a lallashi zai ƙware. Dungeon World kuma in ka jefa dais jimillar ta zo 6 ko ƙasa ka faɗi, a nan kake samun XP, wallahi yana cire wa sabbin shiga tsoron gwada abu.

Baffan_Dais:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa mai shif saƙo ya gyara takardarsa zuwa lebul 5 kafin Asabar. XP ɗin zan bar shi tukuna in gwada takardar tsakiyar tebur. Shi kuma mai gadin gadar da suka kashe ina tunanin in sa ƙaninsa ya zama shi kaɗai ya san hanyar gidan fursunan, TsohonHannu in suka iya shawo kansa maki nawa kake ganin ya dace?