Piza mai zurfi ko ta kasko: shawarar masu ci a Shikago

An daɗe ana ja-in-ja a birnin Shikago na Amurka kan piza mai zurfi da ta kasko, amma yawancin masu ci sun yarda cewa bambancin yana wajen ɓawon burodin. Mai zurfi, wadda gidan abincin Pizzeria Uno ya fara sayarwa a 1943, ana ɗaga kwaɓinta ne ya hau gefen kasko kamar kwano, a shimfiɗa cuku a ƙasa, miyar tumatir a sama don kada cukun ya ƙone. Masoyan pizar gidan abincin Lou Malnati's sun ce ɗanɗanon man shanun ɓawonta ne ke mayar da su.

Ta kasko kuwa burodinta ya fi kauri da laushi, gindinta na soyuwa cikin mai. Nan aka fi ambaton gidan abincin Pequod's, saboda cukun da ke gasuwa a gefe har ya yi baƙi. Wasu sun ce ƙonewa ce; a ganina nan daɗin yake.

Shawarar da aka fi nanatawa: mai zurfi kan ɗauki kusan minti 45 a tanda, don haka a yi oda da wuri, kuma a ci a wurin, domin tururi na jiƙa ta a kwali. Musulmi ya tambaya tukuna, tsiran da aka saba sakawa na alade ne. A zaɓi ta alayyafo.