Ina neman taimako: yaya zan gano girman kason ajiya na faifan kwamfuta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu a kusa da tsohuwar jami'ar Bayero, kuma tun ranar Litinin wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Na sayi faifan waje mai 1TB a Farm Centre, na kwashe takardun ɗalibai a kai, yawancinsu ƙanana ne, wasu ba su kai 10KB ba. Da na duba Properties na jakar, sai na ga Size (ainihin girman fayilolin) bai taka kara ya karya ba, amma Size on disk (wurin da suka cinye a faifan) ya ninka shi sau da yawa. Wani ƙanena ya ce girman kason ajiya (cluster, wato mafi ƙanƙantar wurin da faifai ke ware wa fayil) ne sanadi: kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, sai ya cinye kaso guda cur. Ya ce tsarin faifai na NTFS kan zo da kaso mai 4096 bayit, tsarin exFAT kuwa a faifan da ya wuce 32GB kan zo da 128KB.

Na gwada umarnin Windows na fsutil fsinfo ntfsinfo a faifan C, ya nuna mini Bytes Per Cluster lafiya lau. A faifan wajen kuwa ya ƙi, don exFAT ne. An ce chkdsk, umarnin duba lafiyar faifai, na nunawa a ƙarshen rahotonsa, amma gaskiya ina tsoron ya taɓa mini aikin mutane.

Malamai, chkdsk ba tare da /f (zaɓin gyara kurakurai) ba yana canza wani abu? Kuma in kason ya yi girma, ana iya rage shi ba sai an goge faifan ba? Allah ya saka da alheri.