Matafiya, me kuka sha a garuruwan da giya ce ruwansu?

Bakano a Bavariya:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata uku ke nan a kudancin Jamus ina karatu. Akwai wani Bajamushe da muke aji ɗaya, shi duk hutun da ya samu jaka yake ratayawa ya tafi neman giya. Ba irin mashayan nan na bakin kwata ba ne, ɗan littafi gare shi yana rubuta sunan kowace, launinta, ɗacinta da garin da ya same ta. Ya je Plzen ta ƙasar Cek, inda aka fara dafa giyar nan mai ruwan zinariya a 1842, ya je Beljiyam wurin 'yan zuhudun da ke dafa tasu a gidajen ibada. Ran nan ya ce mini, "To ku da ba ku sha, in kun yi tafiya me kuke nema?" Na ce shayi, ya yi ta dariya. Sai da na koma ɗaki na gane ai ni ma neman nake yi, don tun da na baro gida ban sami madadin kunun zaƙin gwaggona mai sanyin randa ba.

Bari in fara da nawa. Makona na farko, ana zafi, 'yan aji suka ja ni wani lambu da ake zama kan dogayen bencina a ƙarƙashin itatuwa. Na hango wata tana shan abu fatsi-fatsi kamar lemon kwalba, na tambayi sunansa aka ce Radler, na ce a kawo. Mai kawo abincin Baturke ne, ya dube ni ya ce, "Musulmi ne kai?" Ashe rabinsa lemo, rabinsa giya. Shi ya kawo mini Apfelschorle, ruwan tufa da aka tsinka da ruwa mai gas, har yau shi nake sha. Wani abin kuma da na sani daga baya: kwalbar da aka rubuta wa "alkoholfrei" a nan doka ta yarda a sami barasa a cikinta har 0.5 cikin ɗari. Wadda babu komai ita ake rubuta wa 0,0. Ku fa, me ya faru da ku?

Hajiyar Kantin Kwari:
Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya saka wa Baturken nan da alheri. Ni Santambul nake zuwa saro kaya, can Laleli. Wata tafiya ta faɗo mini cikin hunturu, da daddare ina masauki na ji wani yana tafe yana jan murya, "Boooza!" kamar mai tallan kunu a lungun Fagge. Washegari yaron shagon da nake saye ya kai ni unguwar Vefa, wani tsohon shago da aka buɗe tun 1876, wanda ya yi suna da boza, wato abin shan da mutumin nan ke talla. Aka zubo mini a kofin gilashi, aka barbaɗa kirfa, yaron ya tsallaka titi ya sayo soyayyen wake irin nasu, leblebi, ya watsa a kai. Wallahi cokalin farko na ce wannan ai koko ne da ya je makaranta. Da gero ake yinta, kauri kamar kamu bai ji ruwa ba, ga zaƙi ga ɗan tsami, da sanyinta ake sha duk da sanyin garin. Mata masu hijabi cike da wurin da 'ya'yansu. Kuskurena ɗaya, na sayi kwalba guda na ce zan kawo wa maigida tsaraba. Kwana huɗu tana cikin ɗaki mai na'urar ɗumama. Ranar da zan haɗa kaya na ga robar ta kumbura, ina murɗa murfin ta yi tsartuwa har kan labule, warin kuma ya canza. A bayi na tuttular.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya, sannu da asara. Amma ku zo Gana ku ji abin dariya. A nan akwai abin da kowa ke kira "Hausa biya", wato giyar Hausawa, kuma iyayenmu mata na zango ne ke yinsa. Lamurje ne fa kawai, a nan lamujin muke cewa: citta, kanumfari, tsamiya ko lemon tsami, wasu su sa jiƙaƙƙiyar shinkafa. Ko ɗigon barasa babu, yajin cittar ne ke kama maƙogwaro. Wani baƙonmu daga Sakkwato ya zo suna, ƙanwata ta ce masa, "Alhaji a kawo maka Hausa biya?" Mutumin nan ya miƙe tsaye yana salati, sai da tsohuwarmu ta sha a gabansa. Wanda za ku kiyaya shi ne pito in kun haura arewa, wajen Bolgatanga da Wa. A ƙwarya ake ba da shi kamar fura, launinsa kamar kunun dawa, baƙo ba ya rabewa da ido.

Ɗan Filato:
Salama gare ku. Ni Kirista ne daga wajen Pankshin, kuma ba zan ɓoye ba, ina taɓa burkutu in na je gida, don kakata sana'arta ke nan, da ita ta biya wa babanmu makaranta. Abin da zan ƙara muku shi ne yadda ake yi, sai ku gane me ya sami kwalbar Hajiya. Dawa ake jiƙawa, a baza ta a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Tsiron nan shi ke juya garin ya koma zaƙi. A dama, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa a manyan tukwane. In ya huce a wannan gaɓar zaƙi ne zalla, mu yara har layi muke yi da ƙoƙo. Sai an zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya ya kwana yana tafasa shi kaɗai ba wuta, sannan ya zama na manya. To kunun zaƙinku ma ai da tsiro ake kashe shi. Uwa ɗaya ce, inda aka tsaya ne ya bambanta.

Aikin hanya ya kai ni Maruwa a Kamaru, na tarar da ita can sunanta bil-bil, a Burkina dolo. Habasha ce ta ba ni mamaki. A ƙauyukansu in ka ga an kafa sanda a ƙofar gida an kifa gwangwani a kai, to akwai tella a ciki, giyar hatsi da suke sa wa wani ganye mai ɗaci, gesho. Direbanmu Musulmi ne, shi Sofi yake sha, maltin kamfanin Harar. Bakano, gaya wa abokinka littafinsa bai cika ba tunda bai zauna kan kututture an miƙo masa ƙwarya ba.

Malam Na-Zariya:
Ni dai jama'a wannan hira tana neman ta zarce. An fara da neman abin sha, ga shi har an koya mana dafa burkutu. Hadisi ya tabbata cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A kiyaye.

Bakano a Bavariya:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma dalilin buɗe zancen ke nan. Da na san abin da Ɗan Filato ya faɗa tun a gida, da ban tsaya kallon launi ba. Tambaya ma nake da ita: kunun da ya kwana fa?

Malam Na-Zariya:
To in haka ne babu laifi. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya ba da ko ya sa a zubar. Tsami kaɗai ba ya haramta abu, ai nono ma tsami gare shi. In ya fara kumfa da kansa yana tashi, a rabu da shi. Ita kuwa giyar da aka dafa ta zama giya sannan aka cire mata barasa, malamai sun yi saɓani a kanta, ni ba na sha.

Likita daga Rasha:
Shekara shida na yi a can. Da bazara za ka ga tanki mai launin rawaya a kan tayoyi a bakin titi, wata dattijuwa na zaune tana tsiyaya wa mutane kvas. Da busasshen baƙin burodi ake yinsa, launinsa kamar Coca-Cola, ɗanɗanonsa kamar ka jiƙa ɓawon burodi da ya ɗan ƙone. Yara na sha, masu tuƙi na sha, har miyar sanyi suke yi da shi, okroshka, su yanka kokwamba da dafaffen ƙwai a ciki. Barasarsa wajen kashi 1 ce cikin ɗari. Mu ɗalibai mun rabu biyu a kansa, Tatarawan da muke salla tare, wata ƙabilar Musulmin Rasha, wasu na sha wasu ba sa sha. Ni sau ɗaya na kurɓa, ban ma kai ga fatawa ba, harshena ne ya ƙi.

Maman Hanan:
Duk wanda bai sha hilu-mur na Sudan ba bai gama yawo ba. Na yi karatu a Kartum kafin yaƙin 2023 ya koro mu. Tun watan Sha'aban matan unguwa ke haɗuwa gida-gida. Jar dawa suke sa wa ta yi tsiro, daidai yadda ɗan'uwanmu na Filato ya faɗa, su niƙa, su dama da citta, kirfa, hulba, tsamiya da soɓorodo, ƙullun ya kwana biyu ya yi tsami. Sai a ɗora faranti na ƙarfe a wuta, mace ta zauna da ɗan guntun reshen dabino tana shafa ƙullun siriri, ya gasu ta naɗe. Hayaƙi ya cika ido, ƙamshi ya cika layi, daga nesa ka san azumi ya matso. Lokacin buɗa baki sai a jiƙa ɓallin a ruwa, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Sunan ma zaƙi-da-ɗaci yake nufi. Maƙwabciyarmu jikar Hausawan Mai Wurno ce, Hausarta irin ta kakanni, ita ta koya mini shafawa, na ƙona yatsu uku. Na fito da leda guda a jakar hannu ranar da muka hau motar gudu zuwa iyakar Masar, na bar takalma na ɗauko shi. Azumi biyu ina tsakura.

Ɗan Filato:
Allah ya kawo musu zaman lafiya, 'yar'uwa. Wani abu da na tuna: Maltina ɗin da ake raba wa a biki tun 1976 kamfanin giya ne ke yinta. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole kamfanonin suka koma wa dawa, suka bi sahun kakata. Manoman Kano da Kaduna da yawa dawarsu can take tafiya.

Alhajin Dawanau:
Wannan gaskiya ne, mu muke loda musu tirela. Fara da kaura suka fi so. Ba ma tambayar wace kwalba za ta shiga.

Bakano a Bavariya:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa mutumin nawa duka, ya ce dokarsu ta dafa giya ta 1516 ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hops kawai ta yarda a sa, don haka hulba da soɓorodo sun ɗaure masa kai. Ya nace sai na yi masa kunun zaƙi. Na sayo gero a shagon wani ɗan Indiya, na kira gwaggo ta bidiyo tana ba ni umarni tana faɗa. Dankalin Hausa na samu, citta da kanumfari akwai. Ya sha kofi biyu, ya fito da littafin ya rubuta "Kano", ya tambaye ni in an bar shi kwana uku fa? Na ƙwace robar na sa a firji. Matsalata tsiron: sau biyu ina jiƙa gero, ɗakin sanyi, maimakon ya tsira sai ya yi fumfuna, dole na cika sukari. Akwai dabara?

Maman Hanan:
Ruwa kake cika masa. Jiƙa shi dare ɗaya kawai, ka tsane shi sosai a matsami, ka baza a tire kan tsumma mai laima, kada ya yi tudu, ka rufe da wani tsumman. Ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗakin, ba a kanta ba. Safe da yamma ka ɗauraye ka sake tsanewa. In ka ga farin saiwa ya kai tsawon ƙwayar, ya isa, shanya shi. Kuma ka duba ledar, in geron da aka surfe ne ko shekara zai yi ba zai tsira ba, nemi mai ɓawonsa.

Bakano a Bavariya:
Na duba yanzu. Surfaffe ne.