Mai haƙuri yakan dafa dutse: ta hau kan Lillard kuwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu ɗan tauna karin maganar nan da kowa ya sani, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Abin da ya sa na kawo ta, tun da Damian Lillard ya koma Portland a Yulin 2025 nake ganin mutane suna ta jifansa da ita, wai da ya yi haƙuri ya zauna da bai sha wahalar da ya sha ba. Ga wanda ba ya bin gasar ƙwallon kwandon Amurka, wato NBA, bari in gutsura masa labarin. Portland ta ɗauki yaron nan a 2012, ya yi musu kaka 11 cur, shi ne ya fi kowa cin maki a tarihin kulob ɗin, a Fabrairun 2023 ya zuba wa Houston maki 71 shi kaɗai a wasa ɗaya. Shekara da shekaru yana roƙon shugabanni abu ɗaya, ku kawo min manyan 'yan wasa mu nemi kofi. A 2023 suka samu lamba ta uku a zaɓen sababbin 'yan wasa, maimakon su yi musayarta da gogaggen ɗan wasa sai suka ɗauko Scoot Henderson ɗan shekara 19, kuma mai raba ƙwallo ne irin Lillard ɗin, wato dai magajinsa aka kawo yana zaune. Ranar 1 ga Yuli ya ce a sake shi. To ni tambayata, mutumin da ya yi shekara 11 yana jira shi za a ce wa bai yi haƙuri ba? Wallahi abin yana min ciwo.

Mai Shayi Zinder:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai a ganina ta hau kansa daram. Ya tafi ɗin me ya samo? Miami ya ce yana so, aka tura shi Milwaukee. Kaka biyu Indiana na fitar da su tun a zagayen farko na wasannin neman kofi, jini ya daskare masa a ƙafa, yana dawowa agararsa ta tsinke a Afrilun 2025, bayan wata biyu da 'yan kwanaki Milwaukee ta sallame shi. Ƙarshe ina ya koma? Gidan da ya bari. Dirk Nowitzki kaka 21 ya yi a Dallas bai taɓa sa rigar wani kulob na NBA ba, Miami ta kayar da su a wasan ƙarshe na 2006 bai gudu ba, a 2011 ya rama a kan Miami ɗin ya ɗauki kofi. Wannan shi ne romon dutse, da idonmu muka gani.

Ummu Haidar:
Yaya Mai Shayi ka yi haƙuri amma misalin Dirk ɗin nan ya fi taimakon Ɗan Fagge a kan kai. Dirk ya zauna saboda Mark Cuban, mai kulob ɗin a lokacin, bai taɓa rufe aljihu ba, duk shekara ana nemo masa mutane. Jason Kidd, Shawn Marion, Jason Terry, sannan a 2010 aka kawo Tyson Chandler ya tsare ƙarƙashin kwando, shi ne fa abin da suka daɗe ba su da shi. Shi kuwa Lillard a 2015 mutum huɗu cikin biyar ɗin da ke fara wasa suka watse har da LaMarcus Aldridge, aka bar shi. A 2016 da kuɗi suka samu sai aka zuba dala miliyan 70 a kan Evan Turner, miliyan 75 a kan Allen Crabbe, kuma a NBA akwai iyakar albashin da kulob zai iya biya, in ka cika ta da irin waɗannan kwantiragin hannunka ya ɗaure shekaru, ko babban ɗan wasa ya so zuwa ba ka da inda za ka sa shi. Dutse ba ya dahuwa da kallo, sai an yi ta tura itace, kuma itacen ba a hannun ɗan wasa yake ba.

Kawu Na Gwammaja:
Yarana ni ban san wasan nan naku sosai ba, jikokina ne ke hana ni barci da ihunsu da asuba in ana yi. Amma karin maganar na san ta tun kafin a haife ku, kuma akwai abin da kuka tsallake. Ku lura da wa ke faɗinta da wanda ake faɗa wa. A gidanmu in ka ji tsohuwa ta yi ta, to wata ce ta zo yaji tana kuka, ko yaro ya dawo daga wurin koyon sana'a ya ce ubangidansa na wahalar da shi, sai a zaunar da shi a ba shi ruwa ya sha a lallashe shi da ita. Mai faɗin nan na gefe ne, mai ƙaunarka ne, ba shi da hannu a wahalar taka. Ban taɓa ji ubangidan da ya hana yaro haƙƙinsa ya buɗe baki ya ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse ba, in ya yi haka mutane za su ce ba shi da kunya. To in masoyan yaron nan ne suka faɗa masa lokacin yana cikin damuwa, daidai ne. In shugabannin kulob ne ko masu kare su, ba su da bakin faɗinta. Sannan ba a yin ta bayan mutum ya faɗi, lallashi ce, ba gori ba ce.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Kawu, abin da ke raina ke nan na kasa faɗa. Yi masa ita bayan agararsa ta tsinke, gori ne kawai.

Mai Shayi Zinder:
Kawu na ji kuma na yarda da batun gori, Allah ya ba shi lafiya, ba murna nake ba. Amma har yanzu ina kan bakana a kan ma'anar. Ba a ce mai haƙuri yakan dafa dutse in an ba shi itace ba, ba a sa sharaɗi ba. Dutse fa aka ce, abin da kowa ya san ba ya dahuwa, ma'ana ka daure ko da hankali ya ce abin ba zai yiwu ba. In sai komai ya cika sannan za ka daure ai ba haƙuri ba ne wannan, lissafi ne. Kuma kar mu manta a 2022 ya sa hannu a ƙarin kwantiragi na shekara biyu sama da dala miliyan 120, shi kansa albashin nasa yana cikin abin da ya cika iyakar da Ummu Haidar ke magana. Dirk a 2014 rage nasa ya yi, ya karɓi miliyan 25 na shekara uku don a samu na kawo wasu.

Ummu Haidar:
Wannan ta kwantiragin gaskiya ce ban musa ba. Amma Yaya akwai abin da ke raba ɗan wasa da manomi ko ɗan kasuwa, jikinsa ne jarinsa kuma yana da wa'adi. Lillard yana da shekara 32 lokacin, a kakar ya ci maki 32 a kowane wasa in an raba, mafi kyau a rayuwarsa, kulob ɗin ya ci wasa 33 ya faɗi 49. Shugabanni suna shirin shekara biyar masu zuwa, shi gwiwarsa ba ta da shekara biyar ɗin. Ni wasan da ba na mantawa na Denver ne a 2021, wasa na biyar a zagayen farko na neman kofi, ya ci maki 55, ya jefa ta nesa mai maki uku guda 12, sau biyu yana farke wasan a daƙiƙun ƙarshe ana ƙarin lokaci, duk wanda ya miƙa wa ƙwallo sai ya ɓarar, ƙarshe suka faɗi 147 da 140. Na ga fuskarsa yana fita daga fili, ba fushi ba ne, gajiya ce. Mutumin da ya yi wannan ba za a koya masa haƙuri ba.

Sarkin Kwando:
Ku bar ni in shigo da namu na gida. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, kowa ya san shi da natsuwa da addini, yana azumi yana buga wasa. A 1992 shugabannin Houston suka zarge shi da ƙaryar ciwo saboda rigimar kwantiragi har suka dakatar da shi, ya fito fili ya ce a sayar da shi. Sai a jirgi kan hanyarsu ta zuwa Japan buɗe kaka shi da mai kulob ɗin Charlie Thomas suka zauna suka fahimci juna. 1994 kofi, 1995 kofi. Kobe Bryant ma a 2007 ya ce Lakers su sake shi, a Fabrairun 2008 suka kawo Pau Gasol, 2009 da 2010 kofi. Waɗannan sun zauna ɗin, amma ba shiru suka yi ba, sai da suka ɗaga murya tukuna aka motsa. To su masu haƙuri ne ko marasa haƙuri? Ni a wurina haƙurin karin maganar nan ba kame baki ba ne, rashin barin aiki ne. Kuma abin da zai ba ku mamaki, wanda ya zo ya taya Olajuwon a 1995 Clyde Drexler ne, daga ina? Daga Portland ɗin nan dai, bayan ya kai su wasan ƙarshe sau biyu, 1990 da 1992, bai samu ba, ya nemi a kai shi inda ake neman kofi. Tarihin makinsa ne Lillard ya karya a Disambar 2022. Portland ɗin nan tun 1977 rabonsu da kofi.

Mai Shayi Zinder:
To ai ka ga Sarki, Drexler ya tafi ya samu, Lillard ya tafi bai samu ba, Dirk ya zauna ya samu. Ke nan rabo ne, kuma in rabo ne gara ka zauna inda ake ƙaunarka.

Sarkin Kwando:
In rabo ne to karin maganar ma ba ta yi alkawarin komai ba ke nan Malam. Kevin Garnett kaka 12 ya yi a Minnesota yana daurewa, sau ɗaya tak suka wuce zagayen farko, aka kai shi Boston a 2007, shekara na zagayowa ya ɗauki kofi. Da ya ƙara zama fa?

Kawu Na Gwammaja:
Ku duba yadda aka gina ta, yakan dafa aka ce, ba a ce zai dafa ba. Abu ne da akan gani, ba dole ba ne kowa ya gani. Magabata sun san akwai wanda zai ƙare rayuwarsa a bakin murhu bai sha komai ba, shi ya sa su ɗin dai suka ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ba su ɗauki ɗaya ta ƙaryata ɗaya ba, kowace da ranarta, mai hankali shi ke gane wacce ce ta yau. Ni abin da ban so shi ne a ɗauki maganar da aka yi don sanyaya zuciyar mai rauni a mai da ita sandar dukansa.

Ɗan Fagge:
Mai Shayi abu ɗaya zan ƙara. Ka ce gara ka zauna inda ake ƙaunarka, to mutanen garin Portland ba su taɓa daina ƙaunarsa ba, ranar da ya fara zuwa musu da rigar Milwaukee tsaye suka miƙe suna tafi. Rigimarsa da ofis ce ba da gari ba. Kuma ka duba me ya sa Milwaukee ta ɗauko shi tun farko, Giannis, babban ɗan wasansu a lokacin, shi ne ya fito a 2023 ya ce ba zai sabunta kwantiragi ba sai ya ga da gaske ake neman kofi, cikin 'yan makonni aka kawo Lillard, a Oktoba Giannis ya sa hannu. Magana iri ɗaya suka yi su biyun, ɗaya aka ji tasa ɗaya aka kawo masa magaji. Da ya koma Portland a kan dala miliyan 42 na shekara uku sai da ya sa aka rubuta masa cewa ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa, 'ya'yansa ma can suke zaune. Ni ban ga nadama a nan ba.

Mai Shayi Zinder:
Na ji Malam. Batun Giannis ɗin ka kama ni, amma a kan kwantiragin 2022 ban sauka ba, wanda ya karɓi wannan kuɗin ya san abin da zai rage wa sauran. Ummu Haidar ke da kike riƙe da lissafi, in kin samu lokaci ki kawo mana albashin Portland na kakar nan gaba ɗaya mu ga nawa ne nasa nawa ne na sauran, sai mu ci gaba daga nan.